Yadda ake jinyar mage mara lafiya ba tare da an yasar da labarin ɗori ba

Ina feji na 41 na labarin da nake ɗorawa a kan wani shiri mai dogon zango da muke bi duk sati a gidanmu, Zabuwa ta daina cin abinci. Zabuwa magena ce, kalar zabo gare ta shi yasa sunan ya bi ta, kuma duk dare in na zauna tayifin a waya tana kan cinyata ko a bayan ƙafata, toh ranar sai na neme ta na rasa, can na gano ta a ƙarƙashin gado ta dunƙule waje ɗaya hanci na yoyo ido duk kwantsa. Ga masu karatu a guruf suna jiran feji ƙarfe 9, ga dabba a kwance. Kwana 12 muka yi a haka, kuma abin da na koya a kwanakin nan shi zan rubuta miki 'yar uwa, ko kai ɗan uwa, don na san ba ni kaɗai ce mai rubutu da mage a gefe ba.

Ga wanda bai san labarin ɗori ba, shi ne ka ɗauki mutanen cikin shirin da kake so ka rubuta musu abin da masu shirin basu nuna ba, ko ka canza inda suka ɓata maka rai, ko ka ci gaba daga inda zango ya tsaya. Turawa fanfikshin suke ce masa kuma ya daɗe, tun 1967 masoya shirin Star Trek a Amurka suka fitar da wata 'yar mujalla da kansu mai suna Spockanalia, a 1968 kuma da aka so dakatar da shirin wasiƙu suka dinga aikawa gidan talabijin ɗin har aka ƙara zango na uku. Daga baya abin ya koma intanet, FanFiction.net a 1998, Wattpad a 2006 daga Toronto ta Kanada wanda marubutanmu na Hausa suka cika shi, sai Archive of Our Own da aka buɗe wa jama'a a 2009 wanda har lambar yabo ta Hugo, wadda ake bayarwa a fagen ƙagaggun labaran kimiyya da na almara, ya ci a 2019. Mu kam da ma jinin rubutu ne, tun zamanin littattafan soyayya na Kano, waya ce kawai ta maye gurbin littafin makaranta mai 60 ɗin nan.

Abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne, idon da kike kallon shiri da shi, shi ne idon jinya. Ke da zaki kalli kashi ɗaya kice a'a wallahi wannan matar bazata taɓa faɗin wannan maganar ba, ba halinta bane, toh haka zaki kalli magenki. Mage dabba ce mai ɓoye ciwo, bata kuka ta faɗa miki, sai dai hali ya canza. Ta daina lasar jikinta gashin ya cukurkuɗe, ta daina hawa inda take hawa, ta koma lungu, ko wacce bata son a taɓa ta ta dawo tana manne miki. Kuma kar wannan kurrr ɗin da take yi ya ruɗe ki kice ai tana jin daɗi, mage na yinsa ko tana cikin ciwo.

Don haka abu na farko, ki buɗe sabon shafi a inda kike ajiye rubutunki, ko ki ɗauki takarda, ki fara rubuta komai da lokacinsa. Ƙarfe nawa ta ci, me ta ci, cokali nawa, ta sha ruwa ko bata sha ba, ta yi fitsari, ta yi kashi, yaya kalarsa, ta yi amai sau nawa. A kwana na uku kanki zai haɗa ranaku wallahi bazaki tuna jiya ne ko shekaranjiya ta yi zawo ba, kuma tambayar da likita zai fara miki kenan.

Sai dubawa, safe da yamma. Ki ɗaga leɓenta ki kalli dasashi, na mai lafiya ja-ja ne mai haske kuma da danshi, in kika danna da yatsa ya yi fari sai ya dawo kalarsa cikin daƙiƙa 2. In ya yi fari fat, ko ɗorawa, ko shuɗi-shuɗi, ko ya bushe yana kama yatsa, akwai matsala. Ki kama fatar tsakanin kafaɗunta ki ɗaga kaɗan ki saki, in ta koma nan take da sauƙi, in ta tsaya a tsaye ko tana komawa a hankali toh ruwan jikinta ya yi ƙasa. Numfashi kuma ki ƙirga lokacin da take bacci, ki kalli haƙarƙari, tashi da sauka ɗaya kenan, ki ƙirga na daƙiƙa 30 ki ninka biyu, ƙasa da 30 a minti shi ne daidai, in ya haura 40 tana kwance bata yi gudu ba kar ki jira. Zafin jikin mage ya fi namu, digiri 38 zuwa 39.2 a ma'aunin Celsius shi ne lafiyarta, shi yasa taɓa kunne da hannu baya gaya miki komai, in kina da ma'aunin zafi kuma likita ya nuna miki yadda ake sa shi ta dubura da ɗan man shafawa toh, in baki iya ba ki bar masa, kar ki ji mata ciwo.

Akwai abubuwan da ba a jira gari ya waye a kansu. Mage tana buɗe baki tana haki kamar kare. Farfaɗiya ko jiki na karkarwa da dalalar miyau. Amai ba ƙaƙƙautawa, musamman ga ƙaramar mage da bata yi rigakafi ba ga zawo mai wari, don akwai wata cuta ta ƙwayar bairos da ke kashe 'ya'yan mage cikin 'yan kwanaki. Sai wanda mutane basu sani ba, muzuru ya dinga zuwa wajen fitsari yana tsugunawa yana yunƙuri yana kuka ba abin da ke fitowa, mutane sai suce ai kashi ne ya ƙi fita a bashi mai, alhali hanyar fitsarinsa ce ta toshe, kuma wannan cikin kwana biyu ko uku yake kisa. Sai kuma rashin cin abinci, in ta yi awa 24 bata sa komai a baki ba ki kira likita, kar ta kai kwana biyu uku, don mage ba kamar kare bace, in ta daɗe da yunwa kitse ne yake taruwa a hantarta ya lalata ta, kuma masu ƙiba sun fi shiga wannan haɗarin.

Yanzu ga inda zan daɗe, don nan ne ake kashe mage da hannu cikin tausayi. Don Allah don Annabi kar ki ba mage farasitamol. Ko Panadol ne, ko na ruwa na yara, ko rabin ƙwaya, ko kwata. Hantar mage bata da sinadarin da ke narkar da shi yadda tamu ke yi, sai ya koma guba ya lalata jinin ya kasa ɗaukar iska, zaki ga dasashi ya koma kalar ƙasa-ƙasa, fuska da ƙafafu sun kumbura, numfashi ya gagara, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar mage. A daren farko mutum biyu ne a gidanmu suka ce a jiƙa mata a ruwa, da zuciya ɗaya suka faɗa don a wajenmu shi ne maganin komai, Allah ne ya taimake ni na taɓa jin gargaɗin. In har an riga an bata, akwai makari a wajen likita amma sai an yi gaggawa cikin 'yan awanni. Haka ibufurofen da sauran magungunan ciwon jiki na mutane, ƙoda suke kashewa su fasa ciki. Haka ragowar maganin ƙwayoyin cuta da ke cikin durowa, ba a ba mage sai wanda likita ya auna da nauyinta.

Ban gama ba. Maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin fametirin (a jikin kwalba permethrin ake rubutawa) yana sa mage farfaɗiya har mutuwa, ki karanta jikin kwalba kafin ki ɗiga mata komai. Fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari na feshi, ki fitar da ita daga ɗakin kuma kar ta taka wajen sai ya bushe an goge, don duk abin da ya taɓa tafin ƙafarta sai ta lashe. Maganin ɓera ma haka, ko da ɓeran da ya ci maganin ta kama. Dettol da Izal da muke wanke tsakar gida da su suna cutar da mage, a wajenta ki yi amfani da sabulu da ruwa, in cutar mai yaɗuwa ce sai bilic a tsarma shi, murfi 1 a murfi 32 na ruwa, a bari ya jima a ɗauraye sosai a bari ya bushe. Albasa da tafarnuwa suna fasa mata ƙwayoyin jini, danye ko dafaffe, wato romon miyarmu da ya sha albasa da magi bai dace da mara lafiya ba. Madara kuma da muke gani kamar gata ce, yawancin manyan maguna cikinsu baya narkar da ita, zawo take ƙara musu.

Maganar likita, na san abin da wani zai ce, mutane ma basu samu magani ba sai mage. Ni dai amsata ɗaya ce, hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle bata ciyar da ita ba bata kuma sake ta ta nemi abincinta ba yana cikin Bukhari da Muslim, kuma sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi da 'yar mage ake masa alkunya. Wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amana. Manyan garuruwa akwai asibitin dabbobi na gwamnati, jami'o'i irin su ABU Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri suna da asibitin koyarwa na dabbobi, ga masu zaman kansu. Ki tambaya tun a waya ko suna duba ƙananan dabbobi don wasu sun fi sabawa da shanu da kaji. Ki sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai huji da tsumma a ciki, kar ki rungumo ta a hannu a adaidaita, ƙara ɗaya zata sa ta fizge ta shige ƙarƙashin mota. Ki tafi da takardar nan da kika rubuta, da hoto ko bidiyon abin da kika gani, da kwalbar duk abin da kike zargin ta lasa. In kuɗi sun yi kaɗan ki faɗa masa gaskiya tun farko ya zaɓa miki abin da ya fi muhimmanci.

Ita Zabuwa murar maguna ce ta kama ta, an mata ƙarin ruwa a ƙarƙashin fata, aka bamu magani da na ido, sauran aikin kuma a gida ne. Ki ware mata ɗaki ko lungu mai ɗumi mara hayaniya, nesa da sauran maguna, kwali da tsohon zani ya isa, ruwa da abinci a kusa, kwanon yashi na bahaya a ɗan nesa kaɗan. Lokacin hunturu ki zuba ruwan ɗumi a gora ki naɗe da tsumma ki ajiye a gefe guda yadda in ta ji zafi zata matsa. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa ki haƙura da su a ɗakin har ta warke, na san da wuya a wajenmu mata amma hayaƙin yana ƙara toshe ta.

Sirrin abincin shi ne hanci, mage da hanci take ci, in ya toshe ko me kika ajiye bata san abinci bane. Ki goge mata hanci da ido da auduga da ruwan ɗumi, kowane ido da audugarsa, sannan ki mata sirace, wato ki shiga banɗaki da ita ki rufe ƙofa ga bokitin ruwan zafi yana tururi a inda bazata kai gare shi ba, minti 10, ruwa zalla, banda Robb banda man zafi banda kowane ganye. Da kun fito sai ki miƙa abincin da ɗan ɗuminsa don ƙamshi ya tashi, dafaffiyar kaza ba gishiri ba komai an yayyaga ta ƙanana, ko kifi an cire ƙaya tsaf, ko abincin mage na gwangwani in kina samu. Kaɗan kaɗan, sau biyar sau shida a rana, a kan yatsa ma in ta fi karɓa a haka. Ruwa kuma mage na buƙatar wajen mililita 50 a kowane kilo na nauyinta a rana har da wanda ke cikin abinci. In likita ya ce a bata da sirinji, ki cire allurar, ki sa ta gefen baki, ɗigo ɗigo kina bari ta haɗiye, kar ki ɗaga kanta sama kar ki matsa da ƙarfi don in ya bi ta huhu wata cutar ce sabuwa. Wajen bada ƙwaya ki naɗe ta da tawul kamar jaririya kai kaɗai a waje, ki sa ƙwayar can bayan harshe ki rufe bakin ki shafa maƙogwaro, ki bi da ɗan ruwa. Kuma ki ƙarasa maganin har ranar da aka ce ko da ta miƙe.

Ki kula da kanki ma, wanke hannu bayan kowace taɓawa. Mai ciki kar ta kwashe kashin mage, a samu wani ya yi. In kika ga gashi na zubewa a zagaye kamar kwabo toh makero ne kuma yana kama mutum. In mage ta cije ki ko ta yakushe ki, musamman wacce ke yawo waje kuma halinta ya canza, ki wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 ki tafi asibiti ranar, ciwon haukan kare ba kare kaɗai yake kamawa ba.

Toh rubutun fa? Ranar farko na rubuta wa masu karatu layi uku, nace magena ba lafiya, feji zai koma sau biyu a sati har ta samu sauƙi, Litinin da Alhamis. Ki faɗi rana ki cika, wannan ya fi ki ɓace a yi ta cigiya, kuma ya fi ki dinga sakin feji kullum wanda ke kanki kin san ba daɗi. Wasu zasu yi ƙorafi, ki bar su, da yawa kuma addu'a zasu miki har su turo hoton tasu magen. Daga yanzu kuma ki koyi ajiye feji biyu ko uku a gaba wanda baki saki ba, don ciwo baya sallama.

Jinya zama ce, kuma zaman nan lokaci ne. Minti goman sirace, rabin awan da kike jira ki ga ko zata amayar da abin da ta ci, daren da kika kasa bacci kina ƙirga numfashi. Ba lokacin rubuta babban feji mai rikici bane don hankalinki a rabe yake, amma lokaci ne mai kyau na aikin da marubutan ɗori suka fi yi wa kasala, wato komawa asalin shirin. Ki rage ƙara ki sake kallon tsofaffin kashi, ki rubuta yadda kowa ke magana, wa ke cewa "Yaya" wa ke kiran suna kai tsaye, wa ke rantsuwa wa ke karin magana, wa baya kallon idon mahaifinsa. Labarin ɗori a nan yake rayuwa ko ya mutu, mai karatu ya riga ya san mutanen nan kamar 'yan gidansu, in kika sa wa dattijuwar gidan maganar 'yar jami'a a baki nan take zai ajiye. Sannan ki nemi giɓi, wajen da shirin ya tsallake, misali an nuna an kwantar da mutum a asibiti sai kashi na gaba ga shi ya dawo gida, waye ya kwana da shi, waye ya biya kuɗin, me aka faɗa ƙarfe 3 na dare? Nan ne filinki. In hannu ɗaya na riƙe da mage ki yi rikodin murya ki juye daga baya.

Ni a giɓin asibitin nan na zauna, kuma fejin da na rubuta a satin jinya shi masu karatu suka fi yin sharhi a kai tun da na fara, don na daina rubuta "ta yi ta kuka tana jinyarsa" na koma rubuta abin da mai jinya ke yi da gaske, ɗumama abincin da aka san ba za a ci ba har sau uku, tashi a firgice don an ji shiru ya yi yawa, murnar cokali ɗaya. Ki ɗauki abin da idonki ya gani ki ba mutanen labarinki, amma ki bar su a halinsu, mai taurin kai ko a bakin gadon mara lafiya da taurin kansa zai nuna kulawa.

Sai ladabin abin, wanda ko ana jinya ko ba a yi baya canzawa. A saman kowane feji ki rubuta sunan shirin ki ce mutanen ciki na masu shi ne, naki ɗori ne kawai. Kar ki sayar, nan ne mu muke da matsala don mun saba da a biya kuɗi a shiga guruf, toh labarin da kika gina a kan haƙƙin wasu ba na sayarwa bane, in kina son kuɗi ki ƙirƙiri naki mutanen daga tushe. Kuma ki rubuta a kan mutanen cikin shiri, banda 'yan wasan da ke fitowa a matsayinsu, su mutane ne masu aure da iyaye da 'ya'ya, ƙirƙira musu soyayya ko abin kunya ƙazafi ne ko da an kira shi labari. In fejin na da mutuwa ko wani abu mai tayar da hankali ki sanar a sama.

A kwana na 9 Zabuwa ta lashi ƙafarta ta goge fuska, a nan na san mun juyo, don mage bata gyara jiki sai ta fara jin dama. In taki ta kai nan kar ki sake ta waje nan da nan, ki ƙara mata kwanaki a ɗaki, ki koma wajen likita ya duba ta, ki tambaye shi maganin tsutsar ciki da rigakafi, 'ya'yan mage ana fara musu a sati 8 zuwa 9 a maimaita bayan sati 3 ko 4, na haukan kare kuma daga sati 12, babba ma da bata taɓa yi ba ana mata in ta warke sarai. Murar nan takan dawo in mage ta shiga damuwa ko sanyi, don haka takardar jinyar kar ki goge ta, ki ajiye a fayil ɗaya da labarin. Feji na 42 kuma na sake shi ranar Alhamis ɗin da na yi alkawari, tana kwance a bayan ƙafata tana atishawa jefi jefi.